Ɗakin Kwanan Ɗalibai Ba Kotu Ba Ne

Akwai wata magana da ba a son yi a dandali. In aka taɓo ta, sai wani ya sunkuyar da kai, wani ya tofar da yawu, wani ya tashi ya bar wurin. To, yau sai mun yi ta. Shirun da muke yi ya fara cin rayukan yara, kuma yaran nan ɗiyan talakawa ne kamar namu.

A da, ɗan manomi daga Tsarnawa ko Dogarawa ko Badagishiri, in ya gama ƙaramar lakwal, ya yi ƙoƙari. Yanzu zamani ya sake. Yaranmu suna wuce kwaleji, su wuce lise, su ci jarrabawar bak, su tafi jami'a. Jami'a ita ce makarantar ƙoli, inda ake koyon likitanci da shari'a da noman zamani. Ta Yamai an fara ta a 1971. A 2010 aka ƙara ta Tawa da ta Maraɗi da ta Damagaram. Wasu yaran kuma suna tsallaka iyaka su tafi Sakkwato ko Kano ko Zariya. Lokacin komawa makaranta, kuna ganinsu a mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, kowa da jakarsa da katifarsa a naɗe.

Yaron da ya je can ba shi da gidan uba. Sai ɗakin kwanan ɗalibai, ko ɗakin haya a cikin gari. Ɗakin da aka gina don mutum biyu, sau da yawa huɗu ko biyar ke kwana ciki, don ɗalibai sun fi gadaje yawa nesa ba kusa ba. Ba kai ke zaɓen abokin ɗakinka ba. Wanda aka haɗa ku da shi, shi ke nan. Tare za ku ci, tare za ku yi wanki. Yana jin wayar da kake yi da dare. Ya san ranar da kuɗinka suka ƙare. In mutumin kirki ne, ka sami ɗan uwa har tsufa. In mugu ne, ka kwana da maciji a tabarma ɗaya.

A cikin irin wannan ɗaki ne ake jefa wa yaro kalmar nan: “Wane ɗan luwaɗi ne.” Wato ana zarginsa da neman maza 'yan uwansa. In yarinya ce, a ce maɗigo take yi. Kalma ce gajera, amma ta fi sanƙarau saurin kisa.

Ku tambayi masu zargin, da me suka gane? Za ku ji abin takaici. Wai muryarsa ba ta da kauri. Wai ya iya miya. Wai yana yawan wanka da shafa turare. Wai shekara biyu ba a gan shi da budurwa ba. Wai shi da wane ba su rabuwa. Jama'a, in haka ne, wa zai tsira? A ƙauyukanmu samari suna tafiya riƙe da hannun juna tun kaka da kakanni, ba wanda ya ce komi. Masu cin rani goma suna kwana a zaure ɗaya a Legas ko Abija, suna girka abincinsu da kansu. Yaron da uwarsa ta koya wa tuƙa tuwo, don ba ta da ɗiya mace, shi ma ya shiga layi ke nan? Yaron da ya riƙe nasihar ubansa, ya ce ba ruwansa da 'yan mata sai ya gama karatu fa?

Wani lokaci ma babu ko wannan. Ana bin yaro bashi ne ya kasa biya. Ko ya fi abokin ɗakinsa ƙoƙari a jarrabawa. Ko ana son gadonsa a ba wani ɗan garinsu. Mai mugun nufi ya san cewa in ya ce wane ɓarawo ne, za a ce ina abin da ya sata. In ya ce wane ɗan luwaɗi ne, ba mai tambayar shaida. Kowa na tsoron ya kare shi, kar a ce shi ma nasu ne.

Kada ku ce tatsuniya nake yi. A jihar Kano akwai wani gari, Bichi, a kan hanyar Katsina. Akwai makarantar kwana ta gwamnati a can, ta 'yan sakandare. A watan Yuli na 2025, da dare, wasu ɗalibai suka far wa 'yan uwansu da duka, har biyu suka mutu. Jaridu suka ruwaito cewa zarginsu aka yi da neman maza. 'Yan sanda suka kama ɗalibai 11, gwamnatin jiha ta ce a yi bincike. Yara biyu aka kai makaranta da ransu, aka mai da wa iyayensu gawa. Ba alƙalin da ya saurare su. Ba wanda ya ba su damar buɗe baki. Waɗanda suke ci a kwano ɗaya da su ne suka yi ƙara, suka yanke hukunci, suka zartar, duk a dare ɗaya.

Wannan sakandare ce. Amma hannun da ya saba ɗaukar sanda a sakandare, da shi ake zuwa jami'a. Kun dai ji abin da ya faru a Sakkwato, nan kusa da mu, a watan Mayu na 2022, inda ɗaliban kwalejin horon malamai ta Shehu Shagari suka kashe wata ɗaliba. Laifin da aka ɗora mata daban ne, zargin ɓatanci ne ga addini. Amma yadda abin ya gudana ɗaya ne: magana ta yaɗu a waya, taro ya haɗu, ba a jira alƙali ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ruwa ba ya tsami banza. Za su ce addini ya hana, yaran nan kishin addini suke yi. To, mu je wurin addinin, tun da shi aka kira.

Ba na ɓoye muku komi. Littattafan fiƙihu da malamanmu ke karantarwa a zaure sun hana luwaɗi, sun kuma tsananta hukuncinsa. Kowa ya san wannan. Amma me ya sa masu sanda suke karanta rabin shafi su rufe littafin? A Suratul Hujurat, aya ta 12, an hana yawan zato, an hana bin diddigin asirin mutane, an hana cin naman mutum a bayan idonsa. A Suratun Nur, aya ta 4, wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce hukuncinsa, kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Wannan laifi shi ake kira ƙazafi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilmi na ƙasar Hausa suke karantawa tun da daɗewa, an nuna cewa wanda ya kira mutum ɗan luwaɗi shi ma haddin ƙazafi ya hau kansa. Ku je ku tambayi limaminku in ba haka ba ne.

Shaidu huɗu fa aka ce. Mutane huɗu adilai, waɗanda suka gani da idonsu ƙuru-ƙuru, suka faɗa a gaban alƙali bakinsu ɗaya. Ba a ce wanda ya ji an ce ba. Ba a ce wanda ya ga tafiyar yaro ba ta yi masa ba. Saboda haka, in da ma'aunin da suke iƙirari za a auna, wanda ya fara buɗe baki a ɗakin kwana ba shaida, shi ya kamata ya fara tsorata.

Malamai suna ba da labarin Sayyidina Umar, lokacin da yake halifa a Madina. Yana zagaya gari da dare, sai ya ji motsi a wani gida. Ya haura katanga, ya tarar da mai gidan yana shan giya. Mutumin ya ce masa, shi laifi ɗaya ya yi, amma halifa ya yi uku: ya leƙa asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai nemi izini ba. Umar bai dake shi ba. Ya fita ya bar shi. Shugaban Musulmi ke nan duka, mai sojoji da alƙalai. Kai kuwa, ɗan shekara ashirin, da ba ka ko gama ajin farko ba, ka ɗauki wayar abokin ɗakinka yana barci kana bincike, wa ya naɗa ka?

Ko a inda ake shari'ar Musulunci, an ga bambancin alƙali da taron jama'a. A Bauchi, a watan Janairu na 2014, aka kawo wasu mutane kotun shari'a a kan wannan zargi. Mutane suka taru a waje suna jifan kotun da duwatsu, suna cewa a ba su su. Sai da jami'an tsaro suka tarwatsa su. Bayan 'yan watanni, alƙali ya saki biyu daga cikin waɗanda ake tuhuma, don babu shaidar da ta tabbata a kansu. Da an miƙa su ga masu duwatsu a ranar nan, wa zai dawo da ransu?

Yanzu mu zo wurin da maganar ta fi nauyi. Wani zai ce: to, in gaskiya ne fa? In yaron da bakinsa ya faɗa wa abokinsa cewa shi zuciyarsa maza take so?

Akwai irin waɗannan yara. Ƙarya ne a ce babu. Ƙarya ne kuma a ce Turawa suka kawo abin a jirgi, ko waya ta kawo shi. Tun kafin a ga mota a ƙasar Hausa akwai 'yan daudu. Suna sai da abinci a kasuwa da tasha, suna aiki wurin biki, suna cikin taron bori. Kakanninmu sun yi musu ba'a, malamai sun yi musu wa'azi, amma an ci tuwonsu, an biya su kuɗinsu, an zauna gari ɗaya. Ba duk ɗan daudu ne ke neman maza ba, kuma ba duk mai son maza ne ɗan daudu ba. Da yawa ba ka gane su ko kaɗan. Suna cikin masu kuɗi da talakawa, masu ilmi da jahilai, a birni da ƙauye. Waɗanda suka yi magana a kan halinsu, da yawa sun ce tun suna yara suka tsinci kansu haka, sun yi kuka, sun yi azumi, sun roƙi Allah. Mutum ba ya zaɓar abin da zai sa a tsane shi don daɗi.

Irin wannan yaro, mene ne ya yi wa abokin ɗakinsa? Ya zo karatu. Yana tashi da asuba, ya je aji, ya dawo, ya ja bargo. Bai taɓa ka ba. Bai ci kuɗinka ba. Abin da ke zuciyarsa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. A ɗakin nan kuwa akwai mai barin salla, akwai mai shan ƙwaya, akwai mai shigo da budurwa in dare ya yi, akwai mai satar amsa a jarrabawa. Ba wanda ya watsa kayansu waje. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wasu kuma tsoro suke ji, wai abin yana shafar mutum kamar ƙyanda. Wannan jahilci ne. A ranar 17 ga Mayu 1990, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtuka. Likitocin duniya ba su ɗauke shi ciwo ba, balle ciwon da ake ɗauka a kofin shayi ko a tabarma. Babu allurarsa, babu ƙwayarsa. Duka ba ya sake zuciyar mutum. Abin da duka ke yi shi ne karya ƙashi da fasa kai.

To, in ya neme ka fa? Ka ce a'a. Kana da baki. In ya matsa, ko ya kai hannu jikinka ba da yardarka ba, wannan cin zarafi ne, ka kai ƙara wurin hukumar makaranta, ka nemi a raba ku. Tilas laifi ne, ko mace aka yi wa ko namiji. Ba wanda yake kare mai fyaɗe a nan. Hasali ma, ku lura da wani abu. A makarantun kwana, babban yaro mai ƙarfi yakan tilasta wa ƙarami. Ƙaramin ba ya iya faɗa. Me ya sa? Don ya san in ya buɗe baki, shi za a fara kira da wannan suna, shi za a daka, shi iyayensa za su ji kunya. Wato tsanar nan da muke ɗauka garkuwa ce ga yaranmu, ita ce take rufe bakin wanda aka zalunta, ta bar azzalumi yana yawo.

Ba sai da sanda ake kisa ba. Ku ji abin da ya faru a Amurka, ƙasar da ake cewa kowa yana da 'yanci. A watan Satumba na 2010, a jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey, aka haɗa sabbin ɗalibai biyu a ɗaki ɗaya. Ɗayan ɗan shekara 18 ne, mai kunya, gwanin kaɗa goge irin na Turawa. Maza yake so. Wata rana ya roƙi abokin ɗakinsa ya ba shi wuri, zai yi baƙo. Abokin ya fita, amma ya bar idon kwamfutarsa a buɗe, ya je wani ɗaki yana leƙensu. Ya rubuta abin da ya gani a Twitter, jama'a suka karanta. Bayan kwana biyu ya sake shirya haka, har ya gayyaci wasu su kalla. Yaron ya gane. Ya kai kuka wurin mai kula da gidan kwanan, ya nemi a sake masa ɗaki. A ranar 22 ga watan, ya kashe kansa. A 2012 kotu ta sami abokin ɗakin da laifin leƙen asiri da wasu laifuffuka, aka yanke masa kwana 30 a kurkuku. A 2016 kotun gaba ta soke hukuncin, shi kuma ya amsa laifi guda ƙarami. Ko kwana nawa ya yi, ba wanda ya dawo wa uwar yaron da ɗanta.

Wanda ya yi leƙen bai zagi yaron a fuskarsa ba, bai mare shi ba. Wasa ya ɗauki abin, don ya ba abokansa dariya. A 2010 da kwamfuta aka yi haka. Yau kuwa duk ɗalibi yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa. Hoto ɗaya, ko murya ɗaya da aka naɗa a ɓoye, in aka sa a WhatsApp a Yamai da hantsi, kafin azahar ya iso Tsarnawa, ya shiga wayar kawun yaro da ta surukin yayarsa. Kilomita fiye da 400, ba ko kuɗin mota. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kuma daga nan ne wata mugunyar sana'a ta tsiro. Wani ya riƙe hoton ya ce: “Ka ba ni kaza, ko in aika wa babanka.” Kuɗin da uba ya aiko na abinci, sai su ƙare a hannun ɗan damfara. Wannan ba kishin addini ba ne, fashi ne ba bindiga.

Wani mai ɗan ilmi zai ce ai doka ma ta hana. Gaskiya ne dokoki suna ƙara tsanani a ƙasashenmu. A Najeriya, a watan Janairu na 2014, shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta sa ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi ɗaya. Mali ta yi tata dokar a 2024, Burkina Faso a 2025. A nan Nijar, a watan Janairu na 2023, shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya yi maganar kafa doka mai tsanani a kan wannan. Amma ku nemo mini doka ɗaya, a kowace ƙasa, da ta ce ɗalibi ya daki ɗalibi, ko ya ƙona kayansa, ko ya kore shi daga ɗakin da ya biya. Babu. Dukan mutum laifi ne, kisan kai laifi ne, karɓar kuɗi da barazana laifi ne, ko wane ne aka yi wa.

Ni a ganina, dokokin nan ba su gyara zuciyar kowa ba, sai dai sun ƙara wa masu sanda ƙarfin gwiwa. Wata ɗaya bayan Jonathan ya sa hannu, a watan Fabrairu na 2014, wasu mutane ɗauke da sanduna suka shiga unguwar Gishiri a Abuja da tsakar dare. Suka fito da samari fiye da goma daga ɗakunansu, suka yi ta dukansu, suna cewa aikin shugaban ƙasa suke yi. Shugaban bai aike su ba. Amma sun ji a rediyo cewa an yi doka, sai suka ɗauka an buɗe musu ƙofa.

Ku iyaye, ku kuka san abin da karatun yaro ya ci. Kun san buhun albasa nawa aka kai Galmi. Kun san ragon da aka sayar, da ɗan kunnen da uwa ta cire, da kuɗin da yayansa ya aiko daga cin rani. Shekara goma sha uku yaro yana zuwa lakwal kafin ya kai bak. A ajinsu na farko su da yawa ne, ƙalilan suka kai ƙarshe. Duk wannan, kalma ɗaya daga bakin abokin ɗaki tana rushe shi. Ba kullum ake kisa ba. Abin da ya fi yawa shi ne wanda ba ya fitowa a jarida. A daina ci da yaro. A ware masa kofi. A rubuta zagi a ƙofarsa. Ya dawo daga aji ya tarar da katifarsa a waje cikin ƙura. Ya koma kwana a masallaci ko a aji, ba inda zai yi bita. Ya faɗi jarrabawa. Sai ya dawo gida ya ce karatu ya yi wuya, ko ya wuce Agadas ya nufi Libiya ba sallama. Ƙasar da ke neman likita da malamin makaranta ido rufe, ta yi asarar ɗaya, saboda wani ya ce muryarsa ba ta yi masa ba.

Kuma kada ka ɗauka kai uban mai sanda ka tsira. Yaran nan 11 da aka kama a Bichi, su ma ɗiyan wasu ne. Su ma an sai da hatsi an kai su makaranta. Wataƙila wani cikinsu bai san ma abin da aka ce an yi ba, ya ga taro ne ya bi. In ɗanka ya tashi yana jin kana cewa irin waɗannan kashe su ya kamata, ranar da ya ɗauki ƙarfe cikin duhu, maganarka ya bi. Kai za ka yi ta zirga-zirga tsakanin gida da kurkuku da ƙullin gari a hannu.

Ga ɗalibai kuma, masu ƙungiya da shugabanni, ina da magana. Kowace shekara kuna tuna ranar 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu. Kuna da gaskiya ku tuna. Kun ce ba daidai ba ne mai ƙarfi ya kashe mutum ba shari'a. To, wannan magana ba ta tsaya a kan soja kaɗai ba. Ta hau kan duk wanda ya ga ya fi wani ƙarfi. A jami'ar Yamai ƙungiyar ɗalibai ta kafa 'yan tsaronta, waɗanda aka sani da CASO, kuma a 2018 malaman jami'ar sun yi yajin aiki saboda zargin cewa 'yan tsaron nan sun ci zarafin wani malami. In malami mai ofis da ƙungiya a bayansa ya sha wannan, ina ga yaron ƙauye da aka jefa wa kalmar da ba wanda zai tsaya masa? Ƙungiyar da ke yaƙin neman abinci da gado da kuɗin tallafi ga ɗalibai, ba ta tambayar ƙabilar mutum ko ɗarikarsa kafin ta kare shi. Kada ta fara tambayar abin da ke zuciyarsa.

Masu kula da gidajen kwana su ma da nasu. Abin da ake nema gare su bai kai kuɗin buhun siminti ba. In ɗalibi ya zo ya ce ba ya jin lafiyar ransa a ɗakinsa, a sake masa ɗaki a ranar, ba sai an tara mutane an yi masa tambayar ƙabari ba. In an daki yaro, a hukunta wanda ya yi dukan. Abin da aka saba kuwa, wanda aka daka shi ake kora, wai don a zauna lafiya. Duk lokacin da aka yi haka, an koya wa sauran cewa sanda tana biya. Kuma babba ya riƙa zagayawa da dare. Yara ɗari-ɗari a gini ɗaya, ba malami ba mai gadi a kusa, me ake jira?

Mu kuma na gida, muna raka yaro tasha mu ce ya riƙe salla, ya guji miyagun abokai, ya tsare kuɗinsa. Madalla. Mu ƙara masa da wannan. Kada ka taɓa wayar wani. Kada ka maimaita abin da ba ka gani ba. In abokin ɗakinka ya ba ka amanar sirrinsa, ka riƙe, ko da sirrin bai yi maka daɗi ba. In ba za ka iya zama da shi ba, ka nemi wani ɗaki ka tashi, ba tare da ka tona shi ba. In ka ga taro a kan mutum ɗaya, kada ka ɗauki ko tsinke, ka ruga ka kira babba. Uwa ma ta faɗa wa ɗiyarta haka, don ɗakin 'yan mata bai fi na maza sauƙin baki ba.

In kuwa naka ne ya dawo tsakiyar shekara, ba hutu ba, ya rame, ba ya fita, ba ya son a taɓa wayarsa, kada ku fara da tara dangi. In magana ta riga shi isowa gari, kada ku taya masu yaɗa ta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku ba shi ruwa, ku ba shi tuwo, ku bar shi ya yi barci. Kada a bar shi shi kaɗai kwana da kwanaki cikin ɗaki, don yaron da duniya ta yi wa ƙunci yana iya yi wa kansa illa. In kun ga alamar haka, ku kai shi likita. Wanda ya fi sakewa da shi a gidan, ko uwa ko kaka ko yaya, ya zauna da shi ya tambaye shi wa ya taɓa shi, me aka karɓa a hannunsa. Sa'an nan uba ya sa babbar rigarsa, ya hau mota tare da shi zuwa Tawa ko Yamai, ya nemi shugaban gidan kwanan, ya ce a ba ɗansa wani ɗaki, zai ci gaba da karatunsa.